Tauhidi a Aikace: Tambayoyin da Masu Hidima a Zariya Kan Yi

Wai mene ne tauhidi a aikace? Ba duk karatun tauhidi ɗaya ba ne?

Ɗalibin makarantar tauhidi yakan share shekaru yana karatun Littafi Mai Tsarki, da tarihin ikkilisiya, da koyarwar bangaskiya. Ranar da aka tura shi ikkilisiya kuwa, abin da zai fara tararwa daban ne: dattawa sun rabu biyu a kan kuɗin gini, wata gwauruwa dangin mijinta sun kwashe mata kaya, matasa sun daina zuwa sujada ba wanda ya san dalili. Tauhidi a aikace shi ne fannin da ke koya wa mai hidima yadda zai haɗa abin da ya karanta da abin da ke gabansa, ba tare da ya saki ɗaya daga ciki ba. Wani malamin tauhidi Bajamushe, Friedrich Schleiermacher, ya kwatanta ilimin tauhidi da bishiya a shekarar 1811, ya ce wannan fannin shi ne ƙolinta. A zamaninsa an fi ɗaukarsa a matsayin koyon sana'ar fasto, wato wa'azi da jagorar sujada da ziyarar marasa lafiya. Yanzu an faɗaɗa shi ya shafi rayuwar ikkilisiya gaba ɗaya.

Waɗanne hanyoyi ake bi?

Suna da yawa, amma duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Mafi sauƙin riƙewa ita ce ta Joseph Cardijn, limamin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam da ya yi aiki da matasan ma'aikata: duba, auna, aikata. Paparoma Yohanna na 23 ya yaba da ita a wata wasiƙarsa ta 1961. A 1980 Joe Holland da Peter Henriot suka fito da tasu a siffar da'ira, don nuna cewa in an gama aikatawa sai a sake komawa kan dubawa. Sai kuma Richard Osmer na Amurka, wanda a 2008 ya mai da abin tambayoyi huɗu: Me ke faruwa? Me ya sa yake faruwa? Me ya kamata ya faru? Me za mu yi?

A ganina tambaya ta biyu ce aka fi tsallakewa, kuma a nan ɓarnar take.

Ko za a ba da misali?

A ce wani mai bishara ne a wani ƙauye a ƙasar Soba. Addu'ar tsakiyar mako da a da take cika ɗaki, daga watan Yuni sai ta koma mutum biyar. Abin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne a hau bagadi ranar Lahadi a yi wa'azi a kan sanyin ruhaniya da ƙaunar duniya. Ayoyin suna nan birjik. To amma wannan tsalle ne daga tambaya ta ɗaya zuwa ta huɗu.

Mai bin tsari sai ya fara da ƙirga: su wa suka daina zuwa, tun yaushe? Sai ya bi su gida, ko ma gona. Zai iya tarar da cewa ƙarfe huɗun yamma da aka tsayar tun rani, a damina lokacin noman masara ne, kuma wanda ya bar ciyawa ta ci gonarsa sati biyu, shi da iyalinsa za su ji a jika da kaka. Zai iya tarar da cewa rafi ne ke cika ya raba wata unguwa da majami'a. Ko kuma ya tono abin da ba ya so ya ji, cewa tun da aka yi wani rabon taki aka fifita gidan wani dattijo, wasu suka yi zuciya. Dalilai uku ke nan, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Na farko sauya lokaci zai warware shi, a mai da addu'ar asuba ko bayan faɗuwar rana. Na biyu yana bukatar a kai addu'ar cikin gidaje. Na uku kuwa sai an zauna an yi sulhu, wataƙila har shi mai bisharar ya nemi gafara in da hannunsa a ciki.

Sannan bayan wata guda ya sake ƙirgawa. Wannan komawar ce ake yawan mantawa. Kwamiti ya zauna, an yanke shawara, an rufe da addu'a, shi ke nan ba wanda ya sake waiwayar maganar.

Majami'ar Samaru da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka cika ta tana da nata salon. Ana hutu ko yajin aiki sai kujeru su zama wayam, baiko ya faɗi, mawaƙa su watse. Shugabancin da bai san kalandar jami'a ba zai yi ta tsara manyan taruka a lokacin da ba kowa.

Wannan ba fifita binciken zamani a kan Maganar Allah ba ne?

Damuwar tana da tushe. Akwai mai hidimar da zai nutse cikin nazarin talauci da siyasa har wa'azinsa ya zama ba shi da bambanci da jawabin ƙungiyar agaji. Amma dubawa kafin aikatawa tana cikin Littafi Mai Tsarki kansa. A Ayyukan Manzanni sura 6, Yahudawa masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su tsawata musu a kan gunaguni ba. Sun yarda da akwai matsala, suka auna ta da kiran da aka yi musu na addu'a da hidimar Magana, suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas. Abin lura, dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. Nehemiya ma da ya iso Urushalima, sai da ya kwana uku, ya fita da dare ya zagaya rusasshen garun, kafin ya ce wa kowa a tashi a yi gini. Tambaya ta uku, me ya kamata ya faru, Nassi ne ke amsa ta. Tambayoyi biyu na farko suna hana mutum ɗauko ayar da ba ta dace da ciwon ba.

Me tarihin Wusasa ke koya wa mai aikin bishara?

Dokta Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta ikkilisiyar Anglikan daga Ingila, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, yana magani yana koyar da yara, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa, da ke wajen ganuwar birnin, a 1929. Can aka kafa majami'ar St. Bartholomew, da makaranta, da asibitin St. Luke. Abu biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Majami'ar da ƙasa aka gina ta, ginin Hausa irin na magina na gari, ba a kwaikwayo na Ingila ba. Sannan Miller ya ba da ƙarfinsa ga harshe, yana cikin waɗanda aikinsu ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Mutum ba ya fassara sai ya saurara tukuna.

Akwai kuma ɗaya gefen. Fita daga cikin ganuwa ya ba masu bi wurin sakewa, amma ya raba su da cuɗanyar yau da kullum da mutanen birni. Mai nazari na gaskiya zai auna ribar da hasarar duka. Haka nan tsohuwar manufar Henry Venn, sakataren CMS daga 1841, cewa ikkilisiya ta mallaki kanta, ta ɗauki nauyin kanta, ta yaɗa bishara da kanta, har yau ma'auni ce mai kyau ga duk reshen da ya shekara ashirin yana jiran hedkwata ta biya albashin mai bishararsa. Ɗaliban kwalejin tauhidi ta St. Francis da ke Wusasa ba sa bukatar tafiya nesa don ganin wannan tarihi, a cikinsa suke kwana.

A gari irin Zariya, ina matsayin maƙwabta Musulmi a wannan nazari?

Suna cikin amsar tambayar farko. Da su ake kasuwar Sabon Gari, da su ake layin asibiti a Shika. Kalmomi kamar addu'a, zunubi, annabi, har ma kalmar tauhidi kanta, duka ɓangarorin biyu na amfani da su, amma ma'anar ba koyaushe take zama ɗaya ba. Faston da bai taɓa zuwa ta'aziyya ko barkar haihuwa a gidan maƙwabcinsa ba, abin da yake faɗa game da su jita-jita ce.

Wanda bai yi dogon karatu ba, ta ina zai fara?

Da littafin rubutu na naira kaɗan. Anton Boisen, wanda ya fara horar da ɗaliban tauhidi a asibitin masu taɓin hankali a Amurka a 1925, ya nace cewa a karanci mutum kamar yadda ake karanta littafi. Daga wannan horon aka sami al'adar rubuta ziyara: ka dawo daga gidan mara lafiya, ka zauna ka rubuta abin da ya ce da abin da ka ce, yadda aka yi shi. In ka karanta washegari, sau da yawa za ka ga ya ce yana tsoron barin 'ya'yansa, kai kuma ka katse shi da aya. Kada a rubuta suna, kuma littafin ya zauna inda ba mai taɓawa.

Bayan haka sai a nemi shugabar Zumuntar Mata a ce, “Mama, me kike gani da ni ban gani ba?” Su ne ke shiga ɗakunan da fasto ba ya shiga, sun san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, da yarinyar da aka cire daga makaranta. In ta fara magana, a bar ta ta kai aya.