Duba Idon Mage: Matsalolin Fatar Ido da Hanyar Hawaye

Duba idon mage bincike ne da mai mage kan fara a gida, likitan dabbobi ya ƙarasa da kayan aiki, don gano abin da ya sa idon ke zubar da hawaye, ko yin kwantsa, ko kumbura. Hawayen da ke gangarowa fuskar mage alama ce mai tushe biyu: ko dai wani abu na sukar idon har hawayen ya yi yawa, ko kuma hanyar da ke kwashe shi zuwa hanci ta toshe. Akasarin aikin dubawa rarrabe waɗannan biyun ne, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Yadda idon yake

Mage na da fatar ido uku. Akwai ta sama da ta ƙasa kamar na mutum, sai ta ukun, wani tantani fari-fari da ke ɓoye a kusurwar ido ta wajen hanci. Idan magen ta lumshe ido, tantanin kan ratsa gaban idon ya share shi ya koma. A lafiyayyar mage da ke farke, da ƙyar ake ganin bakinsa.

Hawayen da ke jiƙe da idon kuwa hawa uku ne. Na waje maiƙo ne da ke tsattsafowa daga wasu ƙananan ƙofofi a jere a bakin fatar ido, shi ke hana hawayen saurin bushewa. Na tsakiya ruwa ne, mafi yawansa daga maɓuɓɓugar da ke sama da ƙwayar ido, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma daga wata da ke gindin fata ta uku. Na ciki yauƙi ne da ke manna ruwan a jikin madubin ido, wato ɓangaren nan mai haske kamar gilashi da ke gaban ƙwayar ido. Hawayen da ya gama aikinsa yana shiga ƙananan huji biyu a kusurwar ciki, ɗaya a fatar sama, ɗaya a ta ƙasa, ya taru a wata 'yar jaka, ya bi siririn bututu cikin ƙashin fuska ya fita ta hanci.

Dubawa a gida

Ana farawa da kallo daga nesa, kafin a taɓa magen, saboda da zarar ta tsorata za ta ware ido ta ɓoye alamar. Abin nema shi ne ko idanun biyu sun buɗe daidai, ko tana runtse ɗaya, ko tana goga fuska da ƙafa, ko tana gudun haske. Runtse ido alamar zafi ce, kuma mage dabba ce mai ɓoye ciwo, don haka duk ranar da ta nuna shi, ya kai a kula.

Bayan nan sai a naɗe ta da tawul, kanta kawai a waje, a wurin da ke da haske. Da babban yatsa ake ɗan janye fatar ƙasa a hankali a ga cikinta. Lafiyayye launinsa ja-ja ne mai haske, kamar na dasashi. Idan ya yi ja wur, ko ya kumbura har ya tasar wa rufe idon, akwai ciwo. A duba bakin fatar ko ya naɗe ciki, ko gashi na shafar madubin ido, ko akwai ƙurji ko ɓawon da ya ƙi warkewa. Kalar abin da ke fita ma tana da labari. Ruwa tsararo yakan biyo bayan ƙura ko farkon mura, kuma lokacin hunturu ƙura kaɗai kan sa shi na kwana ɗaya ko biyu. Kwantsa mai kauri, rawaya ko koriya, tana nuna ƙwayoyin cuta sun shiga. Jan layi mai duhu da ke gangarowa gefen hanci, wanda wasu kan zata busasshen jini ne, wani launi ne da ke cikin hawayen kansa, wanda ke rinewa idan ya sha iska.

Ciwon fatar ido

Naɗewar fata ciki ta fi samun fatar ƙasa. Gashin fuska sai ya riƙa gogar madubin ido dare da rana, har ya yi masa gyambo. Wasu magen da ita ake haihuwarsu, musamman magen Farisa mai shafaffiyar fuska da manyan muzuran irin Men Kun na Amurka. A wasu kuma tsohon ciwon ido ne ke jawo ta: zafi ya sa magen ta yi ta runtsewa da jan idon ciki, fatar ta naɗe, naɗewar ta ƙara zafin. Tsofaffin mage ma kan samu idan kitsen bayan ido ya zaizaye, idon ya faɗa. Gogar da ta daɗe takan haifar da wani baƙin tabo a madubin ido, mataccen nama ne, kuma kusan a mage kaɗai ake ganin irinsa. Gyaran naɗewar ƙaramar tiyata ce, a yanke siririyar fata a ƙasan idon a ɗinke, bakin fatar ya miƙe.

Akwai 'ya'yan magen da ake haihuwa babu wani sashe na fatar sama, galibi ta wajen kunne, sau da yawa a idanu biyun. Idon ba ya rufuwa duka, gashi kuma na kwance a kansa kai tsaye. Ana rage wahalar da man jiƙa ido, amma babbar ɓaraka sai an yi mata faci da fatar da aka ɗebo daga fatar ƙasa ko daga gefen leɓe.

Kumburin bakin fata da zubewar gashin kewayen ido yakan zo daga makero ko ƙazuwa, ko cizon faɗa. Makeron mage yana kama mutane, musamman yara.

Wanda ya fi cancantar tsoro a ƙasashe masu zafin rana kamar ƙasar Hausa shi ne sankarar fata. Tana kama farar mage, ko mai farar fuska, a wuraren da gashi bai rufe sosai ba: bakin fatar ido, gefen kunne da kan hanci. Farkonta ba ta da kwarjini, ɗan ɓawo ne ko ɗan miki da ke bushewa ya dawo. Ciwon ƙari na fatar ido a kare yawanci mai sauƙi ne, a mage kuwa akasin haka ne, shi ya sa mikin da ya wuce makonni bai warke ba bai kamata a zuba masa ido ba.

Fitowar fata ta uku

Mutane kan ce idon magen ya yi yana, alhali fata ta uku ce ta rufe rabinsa. Idan ido ɗaya ne, ko dai zafi ne a idon, ko lahani a jijiyar da ta ratsa ta kunnen tsakiya, wanda ake gane shi da ƙanƙancewar baƙin idon da saukowar fatar sama a gefe guda. Idan biyun ne kuma babu alamar zafi, sau da yawa gudawa ce ta riga fitowar fatar, takan kuma koma da kanta cikin makonni. Rama da rashin ruwa a jiki ma kan fito da ita.

Hanyar hawaye

Babban mai ɓata hanyar hawaye a mage shi ne ƙwayar cutar harfis ta mage, ɗaya daga cikin masu kawo murar mage. Ba ta kama mutum. Ɗan magen da ta kama da ƙarfi, cikin fatar idonsa kan saluɓe, idan ya zo warkewa sai naman ya manne da juna ko da madubin ido, ya rufe hujin hawayen har abada. Kusan kashi 80 cikin 100 na magen da suka taɓa kamuwa suna riƙe ƙwayar a jijiyar fuska, takan kuma farka idan an sauya musu gida, ko sun haihu, ko wani ciwo ya kayar da su. Wannan ne dalilin da ciwon ido ɗaya ke ta dawowa shekara da shekaru.

'Ya'yan mage kan buɗe ido a kwana 7 zuwa 10. Idan idon ya tasa kamar ƙwallo tun yana rufe, mugunya ce ta taru ciki, kuma jinkirin buɗe shi da wanke shi a hannun likita kan jawo hakiya ko makanta.

A magen Farisa matsalar ta ƙira ce. Fuskar ta gajarta, bututun ya lanƙwashe, hawayen ya rasa gangara. Babu maganin da ke miƙe shi, sai share fuska kullum da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce. Wani dalilin da ake yawan mantawa shi ne haƙori: saiwar fiƙar sama tana dab da bututun, ruɓarta na iya danne shi.

Gwajin likita

Likita kan fara da auna yawan hawaye, kafin ya ɗiga komai a idon. Siririyar takarda ce mai faɗin milimita 5 ake maƙala wa a fatar ƙasa na minti 1, a karanta inda jiƙewar ta kai. Likitan ido na Jamus Otto Shirma ne ya ƙirƙiro gwajin a 1903. A mage sakamakon yakan bambanta ƙwarai daga wannan zuwa waccan, don haka ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai.

Sai rinin fulorasin, wanda ke aiki biyu. Yana kama duk inda madubin ido ya karce ya nuna shi kore shar a hasken shuɗi. Idan kuma ya ɓullo a ƙofar hanci cikin 'yan mintoci, bututun a buɗe yake. Rashin ɓullowarsa ba hujjar toshewa ba ce, domin a mage da yawa rinin ta maƙogwaro yake wucewa. Tabbatarwa sai an sa magen barci an ɗura ruwa ta hujin da siririn bututu, wanda wani lokaci shi kansa ke buɗe hanyar. Irin wannan aiki akan same shi a asibitocin koyarwa na dabbobi kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri.

Magani da abin kiyayewa

Magani na bin dalili. Ƙwayar cutar kilamidiya, mai kumbura cikin fatar ido, tana buƙatar maganin doksisaikilin na kamar mako 4, ana bin kowace ƙwayar magani da ruwa don kada ta maƙale ta ƙona maƙoshi. Idan harfis ta yi tsanani akan ba magen maganin famsaikilobir. Allurar rigakafin murar mage, wadda ake fara wa a mako 8 ko 9 da haihuwa, ba ta hana kamuwa gaba ɗaya, amma tana rage tsananin ciwon.

Kurakurai biyu ne suka fi yin ɓarna a gida. Na farko ɗiga wa mage ragowar maganin idon mutum. Da yawansu na ɗauke da wani sinadari da ake kira sitiroyid, wanda ke kashe jan ido nan take har a ɗauka an dace, amma idan akwai gyambo a madubin ido sai ya zurfafa shi har idon ya fashe. Kwalli da ruwan lemun tsami ma babu abin da suke ƙarawa sai ƙuna. Na biyu ba ta farasitamol don rage zafi. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, kuma ƙwaya ɗaya ta manya mai miligiram 500 ta isa ta kashe ta.