Su waye "ma'aikatan ƙasan layi" a talabijin ɗin Amurka?

A kasafin kuɗin kowane shiri na talabijin ko fim a Amurka akwai layin da ke raba takardar gida biyu. A samansa ake rubuta kuɗin marubuta, darakta, furodusoshi da manyan 'yan wasa ko mai gabatar da shiri. A ƙasansa kuma ake jera sauran ma'aikata: masu kyamara, masu sauti da fitilu, masu tace hoto, masu kwalliya da tufafi, kafintocin da ke gina dandali, direbobi da masu kai saƙo. Su ne ake kira ma'aikatan ƙasan layi. Yawancinsu ana biyansu ne gwargwadon awoyi ko makonnin da suka yi aiki, saboda haka ranar da aka kulle situdiyo, ranar ce albashi ke tsayawa.

Kalmar ta yawaita a bakin mutane bayan ƙungiyar marubutan Amurka, WGA, ta shiga yajin aiki ranar 2 ga Mayu 2023 a kan ƙungiyar kamfanonin shirya fina-finai, AMPTP. Yajin ya ɗauki kwana 148, sai 27 ga Satumba aka janye shi. Shirye-shiryen barkwanci na dare ne suka fara tsayawa, tun daren farko, domin da rana ake rubuta su a kan labaran ranar, a ɗauka da yamma, a watsa da dare. Babu ajiyar da za a ci gaba da sakawa sai maimaici.

Ma'aikacin ƙasan layi kuwa ba shi ke yajin aiki ba. Tasa ƙungiyar daban ce, galibi IATSE ko Teamsters, kuma yarjejeniyar da marubuta ke fafutuka a kai ba ta shafi albashinsa kai tsaye ba. Ya rasa aiki a faɗan da ba shi ya tayar ba. Yana iya neman tallafin rashin aiki daga jiha, amma a Kalifoniya iyakar abin da ake bayarwa dala 450 ce a mako, wanda ba ya kai kuɗin haya a Los Angeles. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne inshorar lafiya. A tsarin da yawancin 'yan IATSE na Hollywood ke ciki, sai mutum ya tara awa 400 na aiki cikin wata shida kafin inshorarsa ta ci gaba. Wata biyar babu aiki, awoyin ba za su cika ba, kuma illar tana bayyana ne bayan an koma aiki, lokacin da kowa ke ganin komai ya wuce.

Shi ya sa masu gabatar da shirye-shirye suka shigo. Hanya mafi sauƙin gani ita ce mutum ya sa hannu a aljihunsa. A yajin marubuta na 2007 zuwa 2008, wanda ya yi kwana 100, Conan O'Brien ya biya albashin ma'aikatansa kusan 80 waɗanda ba marubuta ba. A 2023 tashar NBC ta biya ma'aikatan shirin Jimmy Fallon da na Seth Meyers albashin mako biyu, su biyun suka biya na mako na uku daga kuɗinsu, aka kuma tsawaita inshorar lafiya zuwa Satumba. Taimako ne na gaske, amma mako uku cikin yajin da ya haura mako ashirin bai kai ko'ina ba.

Da abin ya yi tsawo sai aka nemi wata hanyar samun kuɗi. Ranar 30 ga Agusta 2023, Fallon, Meyers, Stephen Colbert, Jimmy Kimmel da John Oliver, waɗanda a kullum abokan gasa ne, suka fara shirin murya mai suna Strike Force Five a manhajar sauraro ta Spotify, kuɗin tallan da ya shigo aka raba wa ma'aikatan shirye-shiryensu biyar. Hikimar ita ce hira ce kawai ba rubutu, saboda haka bai taka dokar yajin ba.

Akwai kuma yarjejeniyar wucin gadi, wato kamfani ɗaya ya amince da buƙatun ƙungiya shi kaɗai ya koma aiki. David Letterman ya yi haka, ya dawo ranar 2 ga Janairu 2008 tare da marubutansa, domin kamfaninsa Worldwide Pants ne ya mallaki shirin. Wanda tashar ce mai shirinsa ba shi da wannan ikon.

Hanyar da ta fi jawo rigima ita ce a dawo da shiri ba tare da marubuta ba, da hujjar ceto albashin 'yan ƙasan layi. Hujjar ba ƙarya ba ce, amma ƙarfin yajin aiki yana cikin rufewar situdiyo ne, kuma duk shirin da ya dawo yana rage matsin da ke kan kamfani. Ƙari ga haka, da yawa daga masu gabatarwar su ma 'yan WGA ne, ba su da izinin rubuta ko layi ɗaya. Jay Leno ya dawo a Janairu 2008 yana rubuta jawabin buɗe shirinsa da kansa, ƙungiyar ta bincike shi, daga baya ta wanke shi. A Satumba 2023 Drew Barrymore da Bill Maher sun sanar da dawo da shirye-shiryensu ba tare da marubuta ba, suka sha suka, duka biyun suka janye. Kwanaki kaɗan bayan haka aka cimma matsaya, John Oliver ya dawo ranar 1 ga Oktoba, Fallon, Meyers, Colbert da Kimmel kuma washegari.