Waiwaye: Yadda zaɓen fim ya zama sana'a ba tare da albashi ya biyo baya ba

A watan Mayun 2024, ana gab da buɗe bikin fina-finai na Cannes a Faransa, wata gamayyar ma'aikatan bukukuwa mai suna Sous les écrans la dèche, wato talauci a ƙarƙashin allon sinima, ta yi kiran a tafi yajin aiki. A cikinsu akwai masu haska fim, da masu zaɓen fina-finan da za a nuna, da masu kula da 'yan jarida, da masu sayar da tikiti. Kukansu ɗaya ne: kwantiragin 'yan makonni, daga wannan biki a koma wancan, a tsakani kuma babu madogara. Kafin nan, a Oktoban 2022, ƙungiyar da ke riƙe da bikin fina-finai na Edinburgh a Scotland da gidan sinimar Filmhouse na birnin ta durƙushe, ma'aikata 102 suka wayi gari babu aiki. Bikin da ake yi tun 1947 ke nan.

Tun daga lokacin ake ta muhawara kan abin da ya jefa bukukuwan fina-finai da ma'aikatansu cikin wannan hali. Wasu sun ɗora laifin kan annobar korona, wasu kan kallon fim ta intanet da ya zaunar da mutane a gida. Duka sun taka rawa. Amma wanda ya waiwaya zai ga cewa annobar ta tarar da katangar ne da tsagarta.

Farkon labarin sananne ne. A 1925 wasu masoya fim suka kafa ƙungiyar kallo a Landan don su ga fina-finan da gidajen sinimar kasuwa ba sa kawowa. Venice ta Italiya ta fara bikinta na fina-finai a 1932. Iris Barry ta buɗe sashen adana fina-finai a gidan tarihin MoMA na New York a 1935, shekara guda bayan haka Henri Langlois da Georges Franju suka kafa rumbun adana fina-finai na Cinémathèque Française a Paris. Cannes ta biyo baya da nata bikin a 1946, Berlin a 1951. A Afirka, Tahar Cheriaa ya assasa bikin Carthage a Tunisiya a 1966, bikin FESPACO kuma ya soma a Wagadugu a 1969. Abin lura shi ne, yawancin waɗanda suka riƙe ƙungiyoyin kallo da rumbunan ajiya na farko ba don abinci suka shiga ba. So ne ya ja su. Langlois har a banɗakin gidansa ya tara gwangwanayen fim.

Wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne tsakanin 1968 da 1972, kuma nan ne masu muhawarar yau suka fi tsallakewa.

Kafin wannan lokaci, manyan bukukuwan Turai ba su ke zaɓar yawancin fina-finansu ba. Ƙasashe ake gayyata, kowace ƙasa ta turo abin da take so ya wakilce ta, kamar yadda ake tura 'yan wasa gasar duniya. Har akwai ƙa'idar da ke ba da damar janye fim idan zai ɓata wa wata ƙasa rai, kuma an yi amfani da ita: a 1956 an cire wani fim kan sansanonin 'yan Nazi daga jerin gasar Cannes saboda ƙorafin diflomasiyya. A irin wannan tsari, aikin ma'aikacin biki bai wuce karɓar baƙi, shirya masauki da jera ranakun nuni ba. Aikin 'yan makonni ne, kuma ɗaukar mutum na 'yan makonni ya dace da shi.

Sai guguwar 1968 ta taso. A watan Mayu, lokacin da ɗalibai da ma'aikata suka tsayar da Faransa cak, wasu daraktoci, ciki har da François Truffaut da Jean-Luc Godard, suka matsa har aka rufe bikin Cannes bai kai ƙarshe ba. Shekarar da ta biyo, ƙungiyar daraktocin Faransa ta buɗe nata sashe a gefen bikin, Quinzaine des Réalisateurs, inda ba ruwan kowa da sunan ƙasa, aka damƙa zaɓe a hannun wani matashi, Pierre-Henri Deleau. A Berlin, rigima ta ɓarke a 1970 kan wani fim da ya taɓo yaƙin Biyatnam, har aka watse ba a raba kyauta ba. Abin da ya haifar da sashen Forum ke nan a 1971, ƙarƙashin Ulrich da Erika Gregor. Venice ta daina gasa daga 1969, ba ta koma ba sai 1980. A 1972 kuma Cannes ta yanke cewa daga yanzu ita za ta zaɓi fina-finanta da kanta. A wannan shekarar Huub Bals ya fara bikin Rotterdam, wanda aka gina kacokan kan idon mai zaɓe.

An yi murna da wannan sauyi, kuma ya cancanci murna. Shi ya buɗe ƙofa ga fina-finan da gwamnatocinsu ba za su taɓa turowa ba, da na ƙasashen da ba su da ma hukumar da za ta turo. Amma a duba abin da ya sauka a wuyan ma'aikaci. Aikin da hukumomin ƙasashe da dama ke yi a da, da ma'aikatansu masu albashi, ya dawo kan 'yan mutane ƙalilan. Yanzu sai an tashi an je an nemo fim. Sai an zauna an kalli ɗaruruwa kafin a tsinci goma, a san daraktan da ke tasowa tun bai gama haɗa fim ɗinsa ba, a lallashi furodusa kada ya kai wa wani biki, a rubuta bayani a littafin biki, a tsaya gaban 'yan kallo a kare zaɓin. Wannan aikin shekara ne cur. Bikin kuwa bai sauya ba, yana nan a kwana goma ko sha biyu, kasafinsa ma na kwanakin ne.

A ganina nan gizo ke saƙar. An haifi sabuwar sana'a, amma aka sanya mata rigar 'yan ƙungiyar kallo na da, masu yi don so. Mutanen da suka fara ta 'yan gwagwarmaya ne, kuma a wancan yanayi tambayar nawa za a biya ni tana iya zama abin kunya. Ba wanda ya zauna ya ƙulla hakan da gangan. Gado ne kawai aka ci ba a bincika ba.

Yadda kuɗi ke shigowa ya ƙara ɗaure abin. Ƙungiyar shirya biki da ba ta neman riba tana rayuwa ne da kuɗin tikiti, da tallafin hukuma, da na gidauniyoyi, da na kamfanonin da ke son a ga sunansu. Galibin wannan tallafi na shekara guda ne, kuma an ɗaure shi da wani shiri na musamman. Ya fi sauƙi a samu mai ɗaukar nauyin kyauta ko daren buɗe biki, a kan mai biyan albashin wanda ke zaune cikin duhu watanni shida kafin biki yana kallon fim na ɗari uku. Wannan ba ya fitowa a hoto.

Kujerun dindindin kaɗan ne, kuma ba sa saurin sakin mai su. Deleau ya yi shekara 30 a Quinzaine, Ulrich Gregor ya jagoranci Forum har 2001, Richard Peña ya riƙe bikin New York shekara 25. Sun yi aikin da ake yabawa har gobe. Sai dai lissafin a fili yake: bukukuwa sun yi ta yawaita tun daga Telluride a 1974 da Toronto a 1976 har suka kai dubbai, alhali matakalar hawa ba ta ƙara faɗi ba. Mai sha'awa yakan fara da aikin sa kai, yana yaga tikiti ko raka baƙi. Daga nan ya shiga sahun masu tankaɗe da rairaya, waɗanda ke kallon farko, sau da yawa ladansu katin shiga biki ne ko ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In ya dace ya zama mai zaɓe na kaka guda, sai ya haɗa bukukuwa uku ko huɗu kafin shekara ta rufa masa asiri.

Zuwan kyamarar dijital da tura fim ta intanet ya ninka tulin. Bikin Sundance na Amurka ya karɓi fina-finai sama da 17,000 don zagayen 2024, waɗanda aka nuna kuwa ba su kai 200 ba. Kowane ɗaya sai da wani ya zauna ya kalla.

Akwai kuma abin da wannan tsari ke yi wa allon kansa. Wanda zai iya shekaru yana aiki kyauta, yana biya wa kansa jirgi da masauki zuwa bukukuwa, mai wani abin dogaro ne a gefe. Wanda ba shi da shi kan haƙura tun a matakin tikiti. Wannan na cikin abin da ya sa wasu masu zaɓe suka kafa Programmers of Colour Collective, wato gamayyar masu zaɓen fim waɗanda ba fararen fata ba, a 2019, suna tambayar su wa ke zaune a ɗakin da ake yanke abin da duniya za ta kalla.

Filmhouse ta sake buɗe ƙofa a Yunin 2025. Wasu tsofaffin ma'aikatanta ne suka kafa sabuwar ƙungiya bayan an sallame su, suka bi jama'a da neman gudummawa, suka shafe fiye da shekara biyu suna fafutuka kafin fitilar allon ta sake kamawa.