Banadiyam: amfaninsa a ƙarfe da batura

Banadiyam sinadari ne daga cikin ƙarafa, launinsa toka-toka mai sheƙi. Alamarsa V, lambarsa 23 a jadawalin sinadarai, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 1,910 a ma'aunin Salshiyas. Andrés Manuel del Río ne ya fara gano shi a Meksiko a 1801, amma aka ce masa kuskure ya yi, shi ma ya janye maganarsa. Sai a 1830 Nils Gabriel Sefström ya sake gano shi a Suwidin, ya raɗa masa suna daga Vanadis, wata abar bautar mutanen yankin a zamanin da.

Ba kasafai ake haƙo shi shi kaɗai ba. Galibi daga dattin da ke saura bayan an narka tama ake tace shi. Sin ce kan gaba wajen samar da shi, musamman a yankin Panzhihua, sai Rasha da Afirka ta Kudu da Birazil.

Fiye da kashi 80 cikin 100 na banadiyam da ake samarwa a duniya, masana'antun ƙarfe ne ke shanye shi. Tamkar gishiri a miya yake: kimanin kilo ɗaya a cikin tan guda na baƙin ƙarfe ya isa ya ƙara masa ƙwari sosai. Yana haɗuwa da kabon da naitirojin da ke cikin ƙarfen, ya zama ƙananan ƙwayoyi masu tauri waɗanda ke hana ƙwayoyin ƙarfen girma, sai ya jure nauyi ba tare da ya karye ba. Da irinsa ake yin rodin gini da gadoji da bututun mai. Wanda ya ɗauki sifanar bakanike ya juya ta, sau da yawa zai ga an buga Cr-V a jikinta, wato gamin kuromiyam da banadiyam. Kamfanin Ford ma da shi ya yi wasu sassan motarsa Model T ta 1908. A jiragen sama kuwa, gamin da ya fi shahara shi ne titaniyam mai kashi 6 na alminiyam da kashi 4 na banadiyam, wanda likitoci ma ke dasawa a ƙashin da ya lalace.

Batirin banadiyam ba irin na waya ko mota ba ne. Tankuna biyu ne cike da ruwan asid da aka narka banadiyam a ciki, famfo yana tura ruwan ta gefe biyu na wani siririn shamaki. A cikin ruwan, banadiyam na da matakan caji huɗu, kowanne da launinsa: shunayya, kore, shuɗi da rawaya. Shi ya sa sinadari ɗaya ke aiki a tankunan biyu, ko ruwan ya ɗan tsallaka shamakin bai ɓata batirin ba. Maria Skyllas-Kazacos da abokan aikinta a Jami'ar New South Wales ta Ostareliya suka ƙirƙiro shi a shekarun 1980. Ba ya kama wuta, yana jure caji sau dubbai, kuma mai son ƙarin ajiya tanki kawai zai ƙara wa girma. Girmansa da nauyinsa suka sa ya fi dacewa da ajiye wutar sola da ta iska a babban layin wutar lantarki, kamar tashar Dalian ta Sin mai megawat 100 da aka kunna a 2022.

Babban cikas ɗinsa farashi ne, domin kasuwar rodi ce ke juya shi. Da Sin ta tsaurara ƙa'idar ingancin rodi a 2018, kuɗin banadiyam ya yi tashin gwauron zabi, masu ƙera batura suka ji a jikinsu. Don haka wasu kamfanoni suka koma bayar da ruwan batirin haya, tunda ba ya lalacewa, ana iya kwashe shi a zuba a wani sabon batir.