Tura Masu Neman Mafaka Wata Ƙasa: Abin da Doka Ta Ce da Abin da Yake Ci

A daren 14 ga Yuni, 2022, wani jirgin haya ya tsaya a wani filin sojojin sama a kudancin Ingila, an shirya shi tsaf domin kai masu neman mafaka Kigali, babban birnin Ruwanda. Fasinjojin da suka rage a jerin sunaye ba su kai goma ba, sauran duk lauyoyinsu sun fid da su ɗaya bayan ɗaya. Ana dab da tashi sai Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ba da umarnin a dakata. Aka sauke mutanen, jirgin bai je ba. Wata biyu ke nan da Priti Patel, ministar cikin gidan Birtaniya ta lokacin, ta sa hannu a yarjejeniya da gwamnatin Ruwanda.

Mutane da yawa sun ɗauka za a kai mutum Ruwanda ne ya jira a duba takardunsa, in ya ci nasara ya dawo Landan. Ba haka aka tsara ba. Duk wanda ya shiga Birtaniya ta ɓarauniyar hanya, musamman a kwale-kwalen roba daga gaɓar Faransa, ana iya tasa ƙeyarsa Ruwanda ba tare da an saurari ƙorafinsa ba. Jami'an Ruwanda ne za su duba buƙatarsa, da dokar Ruwanda. In an amince shi ɗan gudun hijira ne, a can zai zauna. Tikitin na zuwa ne kawai, babu na dawowa.

To shin doka ta yarda? Tushen maganar ita ce yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951. Ba ta ce dole ƙasar da mutum ya isa ta riƙe shi ba, ba ta kuma ce dole ya nemi mafaka a ƙasar farko da ya taka ba, duk da ana yawan jin 'yan siyasa suna faɗin haka. Abin da sashe na 33 ya haramta shi ne a mayar da mutum inda ransa ko 'yancinsa yake cikin haɗari saboda addininsa, ƙabilarsa, ƙasarsa, ra'ayinsa na siyasa ko rukunin mutanen da ya fito daga ciki. Kuma haramcin ya haɗa da mayarwa ta bayan gida. In ka miƙa ɗan Afghanistan ga wata ƙasa, ita kuma ta ɗora shi a jirgin Kabul, laifin yana wuyanka.

A kan wannan gaɓar Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci ranar 15 ga Nuwamba, 2023, alƙalai biyar baki ɗaya. Ba su ce tura mutum ƙasa ta uku haramun ne a kan kansa ba. Sun ce Ruwanda, a yadda tsarinta yake a lokacin, ba za a amince ba za ta mayar da mutum cikin haɗari ba. Sun yi la'akari da shaidar hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da kuma abin da ya faru tsakanin 2013 da 2018, lokacin da Isra'ila ta riƙa tura 'yan Iritiriya da Sudan zuwa Ruwanda, da yawansu aka tsallakar da su Uganda a ɓoye. Sun kuma ambaci harbin da 'yan sanda suka yi wa 'yan gudun hijirar Kongo a 2018, sa'ad da suka yi zanga-zanga kan rage musu abinci, aka kashe aƙalla 12.

Gwamnatin Rishi Sunak, firaministan Birtaniya na lokacin, ba ta haƙura ba. Ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da Kigali, sannan a Afrilun 2024 majalisa ta zartar da dokar da ta umarci kotuna su ɗauki Ruwanda a matsayin ƙasa mai aminci. Wannan mataki ya fi komai tayar mini da hankali a cikin lamarin. Ko wuri yana da aminci ko babu, abu ne da ake tabbatarwa da shaida, ba da ƙuri'ar 'yan majalisa ba.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. A 2022 mutum fiye da 45,000 suka tsallaka tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila a kwale-kwale. A Nuwamban 2021 mutum 27 suka nitse a hatsari guda. Masu safarar mutane suna karɓar maƙudan kuɗi, su cusa mutum hamsin ko sittin a robar da ba ta isa ɗaukar rabinsu ba. A 2023 gwamnati tana kashe kusan fam miliyan 8 kullum wajen ajiye masu neman mafaka da ke jiran a duba buƙatarsu a otal. Hujjar ita ce, in mutum ya san ƙarshen tafiyarsa Kigali ce, ba zai biya ɗan safara ba, kasuwar ta mutu, rayuka su tsira. Suna kuma cewa tsarin da ake ciki yana fifita matashi mai ƙarfi da kuɗin hanya a kan uwa mai goyo da ke zaune a sansani shekara goma. Wannan gaskiya ce mai ɗaci.

Sai dai duk ginin a kan tsoro aka ɗora shi, kuma a nan lissafin yake rushewa. Ma'aikatar cikin gida da kanta, a 2023, ta ƙiyasta cewa tura mutum ɗaya zai ci fam 169,000, wato ya ɗara kuɗin barinsa a Birtaniya da fam 63,000. Ba za a mayar da uwar kuɗi ba sai tsoron ya hana kusan kashi 37 cikin 100 na masu zuwa tasowa. Ofishin binciken kuɗaɗen gwamnati kuma ya nuna a Maris ɗin 2024 cewa an yi wa Ruwanda alkawarin fam miliyan 370 ko da ba a tura kowa ba, da ƙarin fam miliyan 120 in an kai mutum 300, ban da kusan fam 151,000 na ɗawainiyar kowane mutum a shekara biyar. Yanzu ka sa kanka a matsayin wanda ya baro Darfur, ya ratsa hamada, ya tsira daga gidajen tsare mutane a Libiya, ya haye Bahar Rum, ga shi yana hango gaɓar Ingila. A ce masa cikin dubun-dubatar masu tsallakawa za a kwashi 'yan ɗaruruwa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi ka miƙa masa zai kama. Kafin tsoron ya yi aiki sai an tura dubbai, tura dubbai kuwa yana buƙatar kuɗi da gidaje da alƙalan da babu su a can.

Da Keir Starmer ya hau mulki a Yulin 2024 ya soke shirin. Sabuwar ministar cikin gida, Yvette Cooper, ta shaida wa majalisa an kashe fam miliyan 700. Mutum huɗu ne suka je Ruwanda, su ma da son ransu.

A kan kawo Ostireliya a matsayin shaidar cewa abin yana aiki. Lallai ta riƙa kai masu zuwa ta ruwa ƙasar tsibirin Nauru da kuma tsibirin Manus na Papua New Guinea tun 2001, ta daina a 2008, ta koma a 2012, kuma daga baya jiragen sun ragu ƙwarai. Amma bayan komawar 2012 masu zuwa ƙaruwa suka yi. Raguwar ta zo ne bayan sojojin ruwa sun fara juya jirage a tsakiyar teku a ƙarshen 2013. Wuya ne a ce tsibiran ne suka yi aikin. Abin da ba a gardama a kai shi ne halin da mutanen suka shiga: shekaru ba tare da sanin ranar fita ba, yara a Nauru suna daina ci da magana, manya suna cinna wa kansu wuta. A 2016 Kotun Ƙolin Papua New Guinea ta ce tsarewar Manus ta saɓa wa tsarin mulki, a 2017 kuma aka amince a biya mutum 1,905 diyyar dalar Ostireliya miliyan 70.

Italiya ta ɗauki wata hanya. A yarjejeniyar da firaministar Italiya Giorgia Meloni ta yi da takwaranta na Albaniya Edi Rama a Nuwamban 2023, cibiyoyin da ake kai masu neman mafaka suna Albaniya ne, a Shengjin da Gjader, amma jami'an Italiya ne ke duba buƙatu da dokar Italiya, wanda ya ci nasara kuma ya shiga Italiya. Nauyin bai bar wuyan mai shi ba, shi ya sa nake ganin ya fi na Ruwanda tsabta nesa ba kusa ba. Duk da haka, maza 16 na farko, 'yan Bangaladash da Masar da aka kai a Oktoban 2024, ba su yi mako guda ba aka dawo da su: huɗu saboda ƙuruciya ko rashin lafiya, sauran 12 bisa umarnin wata kotu a Roma, wadda ta ce ba za a ɗauki ƙasashensu a matsayin masu cikakken aminci ba. Daga baya gwamnati ta mai da Gjader wurin tsare waɗanda aka riga aka ƙi buƙatarsu, suna jiran a mayar da su gida.