Waiwaye: Yadda aka yi wasu tsoffin katun suka maƙale a sito har yau

Yanzu da komai ya dawo cikin waya sai mutum ya ɗauka duk katun ɗin da aka taɓa nunawa a talabijin yana nan wani wuri ana sayarwa, in ka biya kuɗi a miƙo maka. To ba haka ba ne fa. Akwai manyan katun da miliyoyin yara suka tashi da su a Amurka da Japan da Turai, wasu ma har nan sun iso mana ta NTA lokacin da sai ƙarfe huɗu na yamma ake buɗe tasha, waɗanda har yau ko da kuɗinka a hannu ba za ka samu cikakken kwafi na halak ba, babu a kaset, babu a DVD, babu a manhajojin kallo. Kuma abin haushin shi ne yawancinsu ba ɓata suka yi ba, suna nan lafiya lau a kulle.

Asalin matsalar tun daga farko aka shuka ta. Katun na farko da aka yi musamman don talabijin a Amurka shi ne Crusader Rabbit, wanda ya fara fita a 1950, sai kuma a 1957 da MGM ta rufe sashenta na katun, William Hanna da Joseph Barbera, su ne dai masu Tom and Jerry, suka buɗe nasu kamfanin suka koma yi wa talabijin aiki cikin sauri da araha. A wancan lokacin babu wanda ya kawo a ransa cewa wata rana mutum zai sayi shirin talabijin ya kai gida ya ajiye a kanta, sabida haka duk kwantiragin da aka rubuta da masu kiɗa da masu saka murya da masu labari, magana ɗaya ce a ciki, za a nuna a tasha sau kaza, shikenan. Kiɗan da ke tashi a bayan katun ɗin ma sau da yawa hayarsa aka yi daga wasu kamfanonin da ke ajiye kaɗe-kaɗe, kuma hayar ta nunawa a talabijin ce kawai. Shi ya sa da aka shirya fitar da Quick Draw McGraw a DVD a tsakiyar shekarun 2000 sai aka fasa, ga kuɗin kiɗa ga kuma fim ɗin kansa ya sha jiki.

Sony ta fito da Betamax, na'urar naɗa da kallon kaset ɗin bidiyo a gida, a 1975, JVC ta biyo baya da VHS a 1976, irin kaset ɗin nan da muka sani a shagunan haya. Kai ka ce kamfanonin fim za su yi murna an samo musu sabuwar kasuwa, ina! Kotu suka nufa. Universal da Disney suka maka Sony a 1976 suna cewa duk wanda ya naɗi shiri daga talabijin a gidansa sata ya yi, aka yi ta bugawa har Kotun Ƙolin Amurka, sai a 1984 alƙalai biyar cikin tara suka ce mutum ya naɗi shiri don ya kalla daga baya ba laifi ba ne. Da ƙuri'a ɗaya aka sha. Ku riƙe wannan a rai domin za mu dawo kansa.

Daga nan ne aka fara tono tsoffin takardu, aka tarar abu ɗaya yana da masu shi biyar. Popeye ya isa misali. Kamfanin Fleischer ne ya fara yin katun ɗinsa a 1933 ƙarƙashin Paramount, a 1956 Paramount ta sayar da su ga wani kamfani mai suna a.a.p., United Artists ta sayi a.a.p., MGM ta haɗiye United Artists a 1981, Ted Turner ya sayi rumbun finafinan MGM a 1986, sannan kamfaninsa ya shige cikin Time Warner a 1996, amma duk wannan yawon da fim ɗin ya yi shi Popeye ɗin kansa, wato sunansa da kamanninsa da lofensa, na King Features ne, kamfanin da ke rarraba zanensa a jaridu tun kafin a yi katun ɗin. Wani na da fim, wani na da mutumin da ke cikin fim, kamar gidan gado da magada suka kasa shiryawa, ba a sayar ba, ba a gyara ba, ba a shiga ba. Sai a 2007 aka samu faifan DVD na farko na halak, shekara talatin da wani abu bayan fitowar kaset.

Shi Popeye ma ya yi sa'a. Wanda ya fi ba mutane takaici shi ne Muppet Babies, wanda CBS ta nuna daga 1984 zuwa 1991, kashi 107, kuma ba ƙaramin katun ba ne don sau huɗu a jere yana cin kyautar Emmy. Yara ne 'yan ƙanana a ɗaki ɗaya tare da mai rainonsu wadda ba a taɓa nuna fuskarta, sai dai ƙafafunta da safa mai ratsin kore da fari, kuma duk daɗin shirin yana cikin tunanin yaran ne, Gonzo, ɗaya daga cikinsu, zai je ya buɗe ƙofar ma'ajiyar kaya sai kawai ka ga hoton fim na gaske ya faso ta ciki, jirgin ƙasa ya taho a guje ko wani jirgin sararin samaniya daga Star Wars, ya yi maza ya rufe ƙofar. To waɗannan guntayen finafinan na kamfanoni ne barkatai, an ba da izininsu ne don talabijin, kuma bayanin da aka fi yarda da shi kenan na abin da ya hana shirin fita gaba ɗaya. An ɗan fitar da wasu kashi a VHS, daga nan shiru. Abin da ke ɗaure kai shi ne Disney ta sayi Muppets, wato 'yan tsanar da aka samo yaran shirin daga gare su, a 2004, ta sayi kamfanin Star Wars a 2012, ta haɗa da 20th Century Fox a 2019, wato da yawa daga cikin waɗanda za a nemi izininsu yanzu gida ɗaya suke, amma duk da haka sabon Muppet Babies na kwamfuta da aka yi a 2018 shi aka sa a Disney+, na asalin kuwa ko oho. Ni dai a ganina a nan maganar ta wuce ta lauyoyi, babu wanda ya ga ribar da za ta sa ya ɓata lokacinsa ne kawai.

Wani lokaci kuma mai abin ne ya ƙi. Katun ɗin The Beatles da ABC ta fara nunawa a 1965, kashi 39, kamfanin mawaƙan da kansa, Apple Corps, shi ya saye haƙƙinsa ya ajiye bai fitar ba. Terrytoons, masu Mighty Mouse da Heckle and Jeckle, tun 1955 Paul Terry ya sayar wa CBS da kamfanin, yanzu yana hannun Paramount, ɗaruruwan katun ne suna kwance babu wani kundi na kirki da aka yi musu.

A Japan ma labarin bai canza ba, sai dai salon rigimar. Sazae-san yana gudana a Fuji TV tun 1969, har Guinness ta sa shi a matsayin katun ɗin talabijin mafi daɗewa a duniya, amma ba a sayar da shi a kaset ko faifai, domin mai labarin, Machiko Hasegawa, ba ta so, ta rasu a 1992 aka ci gaba da mutunta wannan buri nata, sai a ƙarshen 2018 aka saki wasu kashin farko-farko a intanet. Candy Candy kuwa, kashi 115 da Toei ta yi daga 1976 zuwa 1979, wanda 'yan mata a Faransa da Italiya da Kudancin Amurka suka sha kuka a kansa, faɗa ne ya kaure tsakanin wadda ta rubuta labarin, Kyoko Mizuki, da wadda ta zana hotunan, Yumiko Igarashi, har Kotun Ƙolin Japan ta yanke hukunci a 2001 ta tabbatar wa marubuciyar da haƙƙinta, to hukunci ya fito amma zumunci ya riga ya lalace, katun ɗin ya zauna a tsakiya. Haka wanda muke kira G-Force, na asalin na Japan, Gatchaman na 1972 mai kashi 105, ana samunsa cikakke, amma fassarar Turancin da kamfanin Turner ya yi a 1986 'yan kashi kaɗan ne suka taɓa fita a faifai, sabida izinin fassara daban yake da na asalin kuma yana da wa'adi.

Akwai kuma waɗanda kunya ce ta sa aka ɓoye su, kuma wannan ɓangaren ya shafe mu kai tsaye tunda baƙar fata ake zagi a ciki. A 1968 United Artists, wadda suke hannunta a lokacin, ta janye katun goma sha ɗaya na kamfanin Warner daga talabijin, waɗanda aka yi a shekarun 1930 da 1940, sabida yadda aka zana baƙaƙe da manyan leɓɓa da fiƙi-fiƙin ido, wasu ma an nuna 'yan Afirka a matsayin masu cin mutane. Tun daga lokacin ba a taɓa tattara su an sayar a hukumance ba. Ko Tom and Jerry da muke ganin babu ruwansa abin ya taɓa shi. Kun tuna matar nan mai ƙiba da silifas da tsintsiya wadda ƙafafunta kawai ake gani tana ƙwala wa Tom kira? Baƙar mace ce, Lillian Randolph ce ta saka mata murya, to a shekarun 1960 da za a nuna katun ɗin a CBS sai aka sake zana ta a wasu kashin aka mai da ita farar mace aka canza murya, daga baya kuma a zamanin Turner aka dawo da hotonta amma aka sake saka wata muryar. Kenan wanda ka kalla kana yaro ya danganta da wane kwafi ne ya faɗo hannun tashar ku. A 2013 Warner ta shirya kundi na biyu na Tom and Jerry a faifan Blu-ray, masu saye suka gano an tsame Mouse Cleaning da Casanova Cat sabida wuraren da aka shafa wa fuska baƙi, suka yi ca a kan kamfanin, sai kawai aka dakatar da kundin baki ɗaya. Gaskiya ni ban ga amfanin ɓoyon ba. Ba na cewa a kunna wa yara da safe, amma a fitar da su da bayani a gaba kamar yadda Warner ɗin ta taɓa yi da ta sa Whoopi Goldberg ta yi gabatarwa a wasu faifan, don ɓoyon nan kamfani yake karewa, ba mu ba.

Waɗanda suka ɓata da gaske su ma akwai su. Doraemon na farko da Nippon TV ta nuna a 1973, ba wanda yara suka sani yanzu ba, kamfanin da ya yi shi ya rushe a shekarar, ba a taɓa sayar da shi ba. Shi kuma fim ba dutse ba ne, in aka bar shi a zafi da laima sai ya fara warin tsami, ya kanannaɗe, kalarsa ta koma ja-ja, kuma gyara shi kashi bayan kashi kuɗi ne masu yawa.

Lokacin da ya fi dacewa a warware duk wannan shi ne zamanin DVD, daga 1997 zuwa wajen 2006 da kasuwar ke kan ganiyarta, kuma an yi ƙoƙari, sai dai wata ɗabi'a da kamfanonin suka ɗauko ta fitar da kundi na ɗaya su tsaya su ga ciniki, masu saye kuma su ce sai ya cika za su saya, kowa na jiran kowa har kasuwar ta mutu. A 2009 Warner ta buɗe Warner Archive, inda sai ka yi oda sannan a buga maka faifan, wannan ya ceto katun ɗin Hanna-Barbera da yawa. Sai aka shigo zamanin kallo ta intanet aka ce ai an gama, komai zai kasance a wuri ɗaya har abada. A watan Agustan 2022 HBO Max, manhajar kallo ta Warner, ta wayi gari ta sauke tarin katun har da Infinity Train, a ƙarshen shekarar ta cire tsoffin katun ɗin Looney Tunes sama da 250, a watan Maris na 2025 ta kwashe sauran tsoffin gaba ɗaya. A gefe guda kuma Netflix ta daina aika faifai ta gidan waya a 2023, Best Buy, babban kamfanin shagunan kayan lantarki na Amurka, ta daina sayar da su a 2024.

To yanzu mu koma kan hukuncin 1984. In ka samu wani kashi na Muppet Babies ko katun ɗin Beatles a intanet yau, duba shi da kyau, za ka ga hoton na rawa, wani farin layi na yawo a ƙasan allo, tambarin tasha a kusurwa, muryar ta ɗan shaƙe, wani lokaci har da tallan hatsin karin kumallo na 1987 a tsakiya, ko kuma ka ga an yanke daidai wurin da mai naɗin ya danna tsayawa ya manta bai sake dannawa ba. Wata uwa ce ko wani yaro ya naɗa da safiyar Asabar da irin na'urar da kamfanonin suka so a haramta, kaset ɗin ya yi shekaru a kwali, wani ya tsinto shi a gwanjo ya juya shi a kwamfuta ya ɗora. Kamfanin da ya ƙi sayar da abin kuma yana da ikon aika takarda a sauke shi daga YouTube, kuma ana yi. Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera bidiyon kaset, ya daina a 2016, su kansu kaset-kaset ɗin kullum ƙara lalacewa suke.

Masu cewa a jira haƙƙin mallaka ya ƙare kuwa, a dokar Amurka irin waɗannan ayyukan shekara 95 suke yi. Steamboat Willie na Mickey Mouse da aka yi a 1928 sai ranar 1 ga Janairun 2024 ya zama na kowa. In aka bi wannan lissafin, kashin farko na Muppet Babies sai 2080.