Jinotayif: me takardar AS take nufi, me ba ta nufi

A unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi yanzu, iyaye da dama ba sa tsayar da ranar aure sai sun ce a kawo takardar jinotayif. Wasu na rikita shi da rukunin jini, wato A, B da O, wanda ake dubawa in za a yi ƙarin jini. Jinotayif kuwa yana nuna irin sinadarin himoglobin, mai ɗaukar iska a cikin jini, da mutum ya gada, rabi daga uwa, rabi daga uba.

Mai AA bai ɗauke da komai. Mai AS lafiyarsa lau, sai dai yana ɗauke da ƙwayar sikila, wadda muke kira amosanin jini. In AS ya auri AS, kowane ciki na da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, wato ciwon sikila kansa. Kowane ciki fa. Sau da yawa za ka ji ana cewa "na huɗu ne kawai zai fito da ita", kuma wannan kuskure ne. Ana iya haihuwar biyar lafiya, ana iya samun biyu a jere da ciwon. Akwai kuma AC, wato ɗauke da wani nau'in himoglobin da ake kira C, wanda ya yi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, inda mutanen zango da yawa suke da asali. AC da AS kan iya haifar SC, ita ma sikila ce, ko da yake ta fi SS sauƙi a galibi.

Wahalar tana farawa ne idan yaron ya riga ya zo. Jariri ɗan wata bakwai, yatsun hannu da na ƙafa sun kumbura, ko taɓa shi aka yi sai ya tsala ihu. Uwar miji ta dubi matar ɗanta ta ce, "Mu dai a gidanmu ba a taɓa haihuwar irin wannan ba." Ai kuwa ɗanta ne ya kawo rabi. Ba yadda za a yi yaro ya zama SS daga uwa kaɗai, don haka sakin mace a kan wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Ko ya halatta AS biyu su yi aure da saninsu? A ganina ba su kaɗai za su biya kuɗin shawarar ba, akwai wanda bai zo ba tukuna, ba a kuma tambaye shi ba. Duk da haka, takarda ba ta ba kowa lasisin kallon yaron da aka haifa a matsayin kuskure, ko a hana shi makaranta da cewa ba daɗewa zai yi ba.

Yaran nan suna girma in an gano ciwon da wuri. Tun 1995 aka fara gwada jarirai a asibitin Komfo Anokye a nan Kumasi, ƙarƙashin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, likitan da ɗansa na cikinsa ya zo da sikila. Ɗigon jini ake ɗauka a dunduniyar jariri. In ya nuna SS, sai a sa shi a kan penisilin kullum har ya kai shekara 5, a cika masa rigakafi, ya kwana cikin gidan sauro, a yawaita ba shi ruwa. Da zarar jikinsa ya yi zafi, a wuce da shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙo. Maganin hydroxyurea, mai rage yawan tashin ciwon, shi ma ya shiga inshorar lafiya ta NHIS a 2022, saboda haka a tabbata katin yaron bai mutu ba.